Bugun da ke Minti na Talatin da Ɗaya

Litinin, 2 ga Oktoba 2023

An gama ɗaukar fim ɗin dajin Banco, saura aikina. Ni ce mai gyaran sauti, zan zauna a ɗan sitidiyonmu na unguwar Arras da kask, abin sauraro, a kunne, in share duk abin da ba na daji ba. Shamsuddin, mai fim ɗin, ya sake karanto mini dokarsa: tsuntsaye, birai, ruwa, iska, shi ke nan. Kada a ji mota, kada a ji ko tarin mutum. Wai so yake mai kallo ya manta akwai unguwar Adjamé da hayaniyarta a bayan itatuwan nan. Kai, wannan mutum! Hon ɗin gbaka, ƙananan bas-bas na haya, kaɗai arba'in da biyu na cire yau.

Talata, 3 ga Oktoba

A minti na talatin da ɗaya, wurin rafi, akwai wani abu a ƙarƙashin kukan cilakowa. Bugu ne. Uku a jere, sai shiru, sai ɗaya mai nauyi. Na ɗauka gatari ne daga nesa. Na share, na fita cin acheke, dambun rogon nan. Da na dawo yana nan. Wataƙila ban adana ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na adana. Sau biyu ma. Yana nan.

Abin da ke damuna, ni na riƙe makirfo ranar da aka ɗauki wurin. Al'adar aikinmu ce, in an gama ɗauka kowa ya daskare minti ɗaya, ba motsi, a ɗauki shirun wurin don cike gurbi. A cikin wannan shirun bugun yake. Mu huɗu ne, da hantsi, rana tarwai, kuma na rantse ban ji komai ba a lokacin. Kwanar rafin nan an daɗe da daina wanki a cikinta, sai tsofaffin tayoyi da suka nutse rabi a laka.

Na san kwanar. Ban gaya wa kowa na san ta ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba

To bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Babana, Kalla, fanico ne, mai wankin kayan mutane a rafin Banco. Shekara ashirin da shida yana tsaye cikin ruwa har cinya, yana buga kaya a kan dutsen da aka dasa cikin taya. A lakkol, wato makaranta, in aka tambaye ni sana'arsa, ɗan kasuwa nake cewa. A wurin aiki ma haka. Ranar da Shamsuddin ya zaɓi kwanar nan har yi na yi kamar ban san hanya ba, ina tambaya ta ina ake sauka. Kunya nake ji yanzu, amma ba irin waccan ba.

Shekara shida da rasuwarsa. Ni da nake ɗaukar kukan kwaɗi, ban taɓa ɗaukar muryarsa ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na zuba minti ɗin a waya na kai gida, unguwar Saint-Michel. Inna na tsintar wake. Na saka mata abin ji a kunne, na ce, "Inna, ji tsuntsayenmu." Ban ƙara ko kalma ba.

Hannunta ya tsaya a faifai. Ta ce, "Ke Haulatu, wa ya ba ki wannan?" Na ce daji ne kawai. Ta ce, "Hannun babanki ne. Tun da kafaɗarsa ta goce, uku yake yi ya huta, sannan ya sauke na huɗu."

Ita ko a jikinta. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko mun yi sallama da muka isa wurin, don shi bai taɓa sa ƙafa a ruwan nan ba tare da sallama ba. Na ce su ba su san da haka ba. Ta ce, "Su. Ke fa?" Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Talata, 10 ga Oktoba

Na koma ni kaɗai kafin azahar, da makirfo. Na tsaya a bakin ruwan kamar wawiya. Sallamar ta maƙale mini, da kyar ta fito. Na ɗauki shiru na minti ɗaya, na saurara a nan take. Ruwa ne da tsuntsaye, ba komai.

Ya kamata in ji sanyi. Wallahi sai na ji kamar an rufe ƙofa a gabana.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na gwada sharewa a wani kwafi. Ya sharu tas, bai dawo ba. Yanzu ya rage gare ni.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Shamsuddin ya zo sauraron ƙarshe. Kunnensa ya kama. "Ƙanwata, mene ne wannan ƙwanƙwasar? Cire mini ita, gobe za mu miƙa." Na ce to.

Ba wuya. In cire daga fim, in ajiye nawa a waya, ba wanda zai sani. Haka na yi wa babana yana da rai, ina son shi a gida, a waje ban san shi ba. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Juma'a, 13 ga Oktoba

An miƙa.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yau da la'asar aka nuna fim ɗin a wani zaure a Treichville. Inna ta zo da atamfarta ta Salla, ta zauna kusa da ni. Birai sun ba mutane dariya. Sai rafi.

Rage shi kawai na yi, ban cire ba. Ina kallon hannun Inna a kan gwiwarta, uku, ta dakata, ɗaya. Sau tara yake zagayawa a nawa kwafin, na ƙirga fiye da sau ɗari. A zauren sau bakwai na ji, ya tsaya, kamar mai wankin ya ɗago kai. Ba zan sake ƙirgawa ba.

Da aka fito Shamsuddin ya tare ni a bakin ƙofa, ga mutane. "Ba na ce ki cire hayaniyar nan ba?" Na ce ba hayaniya ba ce, babana ne, fanico ne, a nan yake wanki. Ya ce, "Yako," kalmar jaje ta garin nan, ya je ya durƙusa ya gaida Inna. Ban san ko zai sake ba ni aiki ba. Ban kuma san me ya sa na faɗa da ƙarfi haka ba, zafin zauren ne.

Inna na son a kai ta rafin gobe. Na ce sai na ga yadda lokaci ya yi. Na dai gaya wa mai tasin woro-woro ya zo ƙarfe tara.