A Kai Wa Mato Haramina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne Sodangi ɗan Audi, mai wa'azin masallacin ƙauyenmu na bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, yamma da Sinnar a ƙasar Sudan. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake, kada gobe wani ya ce zafin ciwo ne ya sa tsoho sambatu. Abdussalami ladan shi ne shaidata. Da ku nake, ɗiyana: Abdulganiyu, Maliki, Ramatu da Sakinatu. Ku sani da fushi nake rubuta wannan, kuma ban nemi fushin ya huce ba.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba zan sa baki ba. Hawasharmu, wato gonar audugarmu, Maliki ya ci gaba da nomanta, ya ciyar da uwarku Hadizatu. Ba wanda ke bina kuɗi. Akumarin jakin Yalwa da na ara yana rataye a zaure, a mayar masa.

Na biyu. Buzun da nake zama a kai in yi wa'azi da sandata, Abdulganiyu, na ga kana auna su da ido tun ranar da na kwanta. To, ka janye idonka. Wa'azi ba gado ba ne, amana ce, kai kuwa ka ci amana. A ajiye su wurin Abdussalami.

Kun san mu ko su wane ne. Iyayenmu sun baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya tsintar auduga kafin su ci gaba. Har yau a bukkoki muke, ba ma ginin ƙasa, ba ma dasa itace, domin matafiyi ba ya dasa abin da zai riƙe masa ƙafa. Aikina duk tsawon rayuwata guda ne: in hana zuciyar mutanen nan mutuwa a kan hanya. Kuma ba a cikin gafaka kaɗai nake nemo wa'azi ba. Kowace Alhamis nakan duba wanda kafaɗarsa ta fi faɗuwa a sahu, in ɗauki fartanya in bi shi gonarsa. In yi aiki kusa da shi, in kama bakina, har ya amayar da abin da ke cinsa. Sannan in dawo in nemo ayar da ta dace da ciwon, in wanke maganar tas, in cire duk abin da zai sa a gane mai ita. Ran Juma'a kowa ya ɗauka da shi nake, amma ba wanda zai iya nuna wani da yatsa.

Don ka koyi wannan ne na ɗauke ka, Abdulganiyu, ranar da muka je wa Mato maƙwabcinmu yashen kwata. Shekarar nan tsutsa ta cinye masa auduga, zazzaɓi ya ɗauke masa mata, shi ya sa ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗaki, ya dasa darbejiya a ƙofa. Yana cikin laka har gwiwa ya ce da ni yana ganin Allah ba ya son ganinsa a Ɗakinsa na Makka. Ya faɗa yana kuka, namiji mai furfura, kana tsaye kana ji.

Dare bai yi ba ciwo ya kayar da ni, washegari ka hau buzuna. Me ka yi? Ka ce akwai mai ɗakin ƙasa a cikinmu, mai darbejiya a ƙofa, wanda ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji. Ka maimaita maganarsa kalma da kalma! Ɗakin ƙasa nawa ne a ƙauyen nan? Duk masallaci ya waiwaya. Mato ya ɗauki takalmansa ya fita, kafin mako ya zagayo ya rufe ɗakin ya tafi garin Damazin leburanci. Kai kuma ka shigo gida kana washe baki wai an yaba maka fasaha. Tir! Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mutum ya buɗe maka gyambonsa ka sa magani, kai ka kira kasuwa ta zo kallo.

Na uku. Maliki, an gaya mini kai ne ka fara dariya a sahu. Ba ka da fasahar wanka Abdulganiyu, sai dai ka taya shi mugunta. Daga yau ban ruwan darbejiyar Mato yana wuyanka. In ta bushe, ban yafe ba.

Na huɗu. Ramatu da Sakinatu, ku kuka kai labarin bakin tur'a wurin ɗibar ruwa, kuka ƙara masa gishiri. Halas, ya isa haka. Gabar da ke tsakaninku da ƙanwar Mato ku kashe ta, ku ne za ku taka zuwa gidanta, ba ita ba. Kada ku aika mazanku, su ma suna cikin masu tafa wa wa'azin nan.

Na biyar. Dattawan da suka zo duba ni suna cewa ɗana ya gaje ni har ya fi ni kaifi, ku gaya musu na ji, ban kuma gode ba. Kaifi na wuƙa ne. Ni ban taɓa hawa buzu don in yanka kowa ba.

Na shida, shi ne nauyin wasiyyar nan. A ƙasan akwatina akwai farin ƙyalle biyu, haramin aikin hajji da na saya a kasuwar Sinnar tun ina saurayi, tun ban auri uwarku ba. Kun sha ji ina cewa in ban kai Makka ba, a yi mini likkafani da shi. Na fasa. Ku nemo kowane alawayyo ku naɗe ni. Haramin nan na Mato ne, kuma bai kai sulusin abin da na bari ba, don haka babu magajin da ke da bakin hanawa.

Abdulganiyu, kai za ka kai masa Damazin, da hannunka, ba saƙo ba. Ka neme shi duk inda yake. Kada ka ja masa aya ko ɗaya, kada ka yi masa nasiha, bakinka ya yi isasshiyar ɓarna. Ka durƙusa ka miƙa masa, ka ce Sodangi ya rasu a kan hanya, bai ga Ka'aba ba, bai kuma yi zaton an kore shi ba. Ka ce harami yana jiran wanda zai ɗaura shi. In ya zage ka, ka shanye. In ya kore ka, ka kwana a ƙofarsa. Ranar da Mato ya sake tsayawa a sahun masallacinmu, ranar Abdussalami zai miƙa maka buzu. In bai dawo ba, ka mutu kana mamu a bayan wani.

Allah ya shirye ku, ya yi muku albarka ko da kun ɓata mini rai, ya kai ku inda ƙafata ta kasa kai ni. Ku riƙe uwarku, ku ci daga akushi ɗaya, kada auduga ko magana ta raba ku. Amma ku sani gidan nan bai cika ba muddin ɗakin da ke maƙwabtaka da shi yana rufe.

Wa'azin Juma'ar da ban samu yi ba ke nan. Ku ɗauka ku kai wa Mato.