Wayata Tana Hannun Mai Gadi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Inna da ɗawainiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce na tsere na bar ku da jinya. Ba ki yi ƙarya ba, amma ki ji uzurina. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu jajur da biro, wai duk maganar da ban jingina ta da binciken wani ba, hira ce. Rumbun da ake samun maƙalun binciken kuwa ba ya buɗuwa sai a kwamfutocin laburare, a wani ɗakin ƙasa marar taga, kuma ba a shiga da waya. Mai gadi ke karɓa ya kulle. Idan ban miƙa aikin kafin ƙarshen wata ba za a sallame ni daga makaranta, duk wahalar da Baba ya sha a kaina ta tashi a banza.

Abin dariya, aikin nawa kan yadda mutane ke isar wa juna saƙo ne. In rubuta "sauraro" a gurbin nema, maƙalu su zubo tuli, in buɗe in tarar da taƙaitawa kawai, sauran a rufe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ya mai jiki?

Jiya na fito da yamma na tarar da kiranki a jere. Ashe bakin Baba ya buɗe da hantsi, karon farko tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ya nemi Auta, kuka yi ta kira har ya gaji ya koma shiru. A lokacin ina can ina murnar samun maƙala kan yadda marasa lafiya ke magana da ido. Na zauna a matakala na yi kuka har na gode Allah.

Tunda likita ya ce abin kan zo ya tafi, na roƙi mai gadi ya riƙe wayar a aljihu, in ta yi ƙara ya leƙo ya kira ni. Mutumin kirki ne, har addu'a ya yi wa Baba, amma ya ce ba zai iya ba, a bakin aikinsa ne. Tsoro nake ji, Yaya. In na taho na rasa karatun, in na zauna ban san abin da zan rasa ba.

Don Allah in ya sake buɗe baki ki naɗa mini muryarsa a wayarki, ko tari ne. Gobe da safe zan sake miƙa wa mai gadi tawa.

Ƙanwarki,
Auta