Bas ɗin Baba Jalaluddeen da Shanun Inna

Kanya Babba,
Ƙaramar Hukumar Babura.

Zuwa ga Yayana Daudu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a garejinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ya shiga rumbu, matata Khairiyya ma ta warware. Na san za ka ce ga waya, me ya kai ni takarda. To, a waya kai ne mai magana, ni sai "to, to", godiyar ba ta fita yadda nake so.

Kan tsohuwar bas ɗin nan ce ta Baba Jalaluddeen na Kazaure, aminin mahaifinmu marigayi Baffa, wadda na so in sayar da shanun Inna huɗu in saya don dakon hatsi. Ka san su kaɗai suka rage mata. Ranar da na fara zuwa gani, na tarar an wanke ta tas, inji yana aiki sumul. Na zagaya ta, na bubbuga taya da ƙafa kamar na san wani abu. Baba yana zaune kan tabarma yana kallona. Yaya za a yi in kwanta ƙarƙashin motar dattijo a gabansa, kamar ina tuhumarsa? Sai na yaba, na dawo gida, na damƙa shanu a hannun dillali ya kai kasuwar Babura.

Faɗan da ka yi mini a waya ya yi mini zafi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka tambaye ni ko na taɓa sayen saniya ban buɗe bakinta ba. Ka ce kunyar Baba ba za ta tura mota a cikin rairayi ba. Don haka ranar kasuwa na ce wa dillali kada ya sallama sai ya ji daga gare ni, na yi sammako zuwa Kazaure, na isa kafin direban Baba ya zo ya ɗumama ta.

Na bi abin da ka faɗa ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ta kashe ni. Na dafa inji na ji shi da sanyi, sannan na tayar. Da ƙyar ta kama, salansa ta yi ta fitar da farin hayaƙi bai tsaya ba. Na buɗe murfin baƙin mai, na ga abu kamar koko da madara, na tuna ka ce in na ga haka ruwa ya haɗu da mai, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Ruwan lagireto kuma yana ta kumfa. Da na ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, tsatsa ta ci har ina hango yashi. Na cire hula na shiga ƙarƙashi, ga walda a shasi an shafe da sabon fenti. Amma shawararka da ta fi duka ita ce ta loda kaya. Na ari buhu goma na masara, na hau hanyar Roni. A gangare lafiya, da muka zo hawa sai inji yana kuka mota ba ta tafiya, kuloci ya cinye. Giya ta uku tana fita da kanta, allurar zafi ta tashi, birki yana jan ta hagu.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya wa Baba. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani, kaina a ƙasa. Ashe bai sani ba, shekara biyu rabonsa da shigarta, direba ne ke rufa-rufa. Sai ya ce da na ɗauke ta don kunyarsa, da ya ci shanun amininsa bai sani ba, kuma bai san da wane ido zai dubi Baffa gobe ƙiyama ba. Ya sa mini albarka har na ji ƙwalla.

Nan take na kira dillali. Wani ɗan Nijar ya riga ya riƙe igiyar farar saniyar, ana jiran kalmata kawai. Da yamma na koro shanun gida da kaina. Inna ta fito ta dafa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce tun farko ba ta so ba, ta dai kasa hana ni ne. Ashe ni ina jin kunyar Baba, ita tana jin tawa, da shanun sun tafi tsakanin kunya biyu. Yaya, na gode. Bas kuwa zan haƙura sai ka zo da Sallah mu duba tare.

Ka gaida matarka Yaya Sadiyya, da Muhsin da ƙannensa. Yayata Adda Dela ta Gwiwa da Khairiyya suna gaishe ku. Inna kuma, ka san ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta taɓa ba ni saƙo gare ka ba. Jiya tana tatsa, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "In ka rubuta, ka ce wa mai garejin nan na gode, Allah ya yi masa albarka."

Ni ne ƙaninka,
Musaddiƙ.