Ruwa Ya Ci Hotunan Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa aikinka albarka, ya sassauta muku sanyin ƙasar da kuke. Mu nan muna godiya. Auta ta gama jarrabawa, matar Kawu ta sauka lafiya an samu mace, ƙafar Gwaggo kuma ta yi sauƙi har tana taka ta. Na zaɓi in rubuto da hannu ne saboda sau uku ina kiranka don in faɗa maka wata magana, sai in ƙare da tambayar lafiyar yara.

Ka san an rushe shagon Baba saboda gadar sama da ake ginawa a titin tasha. Abin da ba ka sani ba shi ne, ni na kwashe kayan. Kwali goma sha ɗaya na hotuna da fim ɗinsu, aikin shekara hamsin da biyu, kowane da kwanan wata a bayansa da rubutun Baba. Na jera su a ɗakin baya, kusa da keken ɗinkin marigayiya Inna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya: na san kwanon ɗakin yana yoyo ta kusurwa. Kullum ina cewa gobe zan kira kafinta, har damina ta sauka, ni kuma na shiga hidimar makaranta na manta.

Makon jiya wasu malamai biyu daga jami'a suka zo. Suna rubuta tarihin birnin nan, kuma duk wanda suka tambaya sai ya ce su je wurin Mai Hoto, babu wani babban mutum da ya rayu a garin nan bai zauna gaban kyamararsa ba. Da ka ga Baba ranar. Ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya ɗauko tabarau, yana ta ba su labari tun kafin su gama zama. Ya ce yana da hoton tsohuwar kasuwa kwana biyu kafin gobara, da na ranar da aka fara kunna fitilun titi. Sannan ya ce in kawo kwali na farko. Ina ɗagawa gindinsa ya zube a hannuna. Hotunan sun manne da juna sun zama kamar bulo, in ka ɓanɓaro ɗaya sai fuskar mutum ta biyo yatsanka. Muka buɗe duka goma sha ɗayan. Abin da ya tsira bai kai arba'in ba.

Na jira ya yi mini faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗauki wani hoto da ba a ganin komai a jikinsa sai takalmi da ƙafar kujera, ya ce wannan Ungozoma ce, wadda rabin mutanen birnin nan a hannunta suka faɗo, har da ni da kai. Ya ɗauki wani ya ce Ƙarfe Bakwai ne, hedimastan da ya taɓa rufe wa ɗan gwamna ƙofar makaranta saboda makara. Ya gane direban jirgin ƙasan da ya tsayar da jirgi taku kaɗan kafin karyayyar gada a shekarar ambaliya, ya gane alƙalin nan mai zuwa kotu a keke. Malaman suna rubutawa, ɗaya daga cikinsu yana share ido. Da za su tafi Baba ya ba su haƙuri, wai sun sha hanya a banza. Da na durƙusa ina roƙon gafara, cewa ya yi ruwa ba ya shawara da kowa, in tashi.

Tun ranar bai ƙara fita ƙofar gida ba. Abinci sai na matsa masa, rediyonsa ma a kashe yake. Na sayi littafi ina zama kusa da shi da hantsi, yana faɗa mini mutanen ina rubutawa, amma ƙarfinsa raguwa yake yi, wani lokaci sai ya tsaya tsakiyar labari ya ce sunan ya ɓace masa. Shekaranjiya ne na gane abin da ke cinsa. A kwali na bakwai akwai hoton Inna tana budurwa, ranar da ta fara shigowa shago a ɗauke ta hoton takardar makaranta. Shi ma ruwa ya ci shi, kuma ba shi da wani. Bai ambace shi gaban baƙi ba, sai shekaranjiyar nan, muna zaune mu biyu, ya tambaye ni a hankali ko ƙaramin kwafin da ya ba ka ranar tafiyarka yana nan.

Na ce masa yana nan, ba tare da na sani ba. In yana wurinka, Yaya, kada ka turo ta waya, kada ka ba wa wani saƙo. Ka nemi hutu ka kawo shi da hannunka, kuma kada ka yi irin goben da na yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da babban ɗanka, da 'yarka takwarar Inna, ka ce mata ni gwaggonta ina kewarta. Kawu da Gwaggo da Auta duk suna gaishe ka. Baba ya ce in gaishe ka, ya kuma ce kada in tayar maka da hankali. Ka yafe mini, wannan ma ban iya yi masa ba.

Taka ƙanwa,
Malamar gidanku