Katin Togo na Senyo

Aflao, 4 ga Mayu

Senyo ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya matarka Dzifa da yara? Ni dai gwiwa ce, kuma ba ta kashe kowa. Dogbe malamin coci ne ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara maganata.

Na ji saƙonka. Wai za a ɗora ka a ofishin sirrin soja, ka rantse ba ka da wata ƙasa sai Ghana, sai masu bincike suka tono katin ɗan ƙasa na Togo da sunanka, yanzu ana kallonka maƙaryaci. To, ni na yi katin. Da hoton aurenka aka yi shi. Uwarka Ablavi tana gaɓar mutuwa ta riƙe hannuna, ta ce kada in bari wayar kan iyaka ta raba ka da ita. Ƙauyensu a Togo yake, tafiyar rabin sa'a ce daga ƙofata. Can take kwance, can aka binne cibiyarka a gindin kwakwa. Tun muna shan ruwan rijiya ɗaya aka zo aka ja wayar nan, ba wanda ya tambaye ni.

Kana so in zo Accra in ce laifina ne. Kai da ba ka zo bikin cikarta shekara da rasuwa ba? Ba na zuwa.

Ubanka, Kosi Agbeko

Aflao, 19 ga Mayu

Senyo,

Ina gaishe ku. Lafiya dai, sai abu ɗaya. Ranar kasuwa da tsakar rana na ga mace a bayan waya da tulu a kai, tana ɗingisa ƙafar hagu kamar uwarka. Na kira ta, ba ta juyo ba. Dogbe ya ce, “Tsoho, yunwa ce, je ka ci tuwo.” Shi da bai taɓa binne kowa ba.

Dzifa ta zo ta durƙusa mini. Ta ce ba muƙamin kaɗai ba, kakin ma za a tuɓe maka. Ranar Litinin zan hau motar Accra. Don ita ne, ba don kai ba.

Kosi

Aflao, 2 ga Yuni

Ɗana,

Ina fata kuna lafiya. Na iso gida, an kuma gaya mini an wanke ka. Madalla.

Ba ka cikin ɗakin, bari ka ji. Bayan na dangwala yatsa a takardar cewa ni na yi katin, wani hafsa sa'anka ya ce, “Baba, ɗanka yana da gona a Togo?” Na ce babu. “Gida fa?” Babu. “Ba shi da kowa a can?” Na dubi fanka tana juyawa, na ce ba shi da kowa.

Da bakina na faɗa, Senyo.

Sau uku ke nan ina ɗaukar fartanya zan je in nome kabarinta, ina isa bakin waya ƙafata ta tsaya. Masu gadi har dariya suke yi, suna cewa wuce mana, tsoho, wa ya tare ka? Damina ta sauka, ciyawa tana tashi. Kai yanzu sai da izinin manya za ka tsallaka, ni kuma ban san da wace fuska zan je ba.

Ka riƙe aikinka da kyau. Ka gaida yara.

Ubanka, Kosi Agbeko