Dila ya karya mini farashi, kuma uwar faifan tana hannunsa

Salama gare ku 'yan gida. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina da ƙaramin situdiyo a Kafanchan, waƙoƙin coci nake ɗauka. Bana na yi wa zumuntar matan cocinmu faifai, Hausa da yarenmu. Ranar ƙaddamarwa Fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a, ya faɗi farashi daga kan bagade, kowa ya ce amin. Kun san mu, abin da aka faɗa a bagade ya zauna. Tun ranar iyayen nan ke yawo da faifan a jaka, taron zumunta, biki, jana'iza, har Kujama da Kasuwan Magani, ba sa rage ko sisi.

To akwai wani babban dila mai shaguna a Kaduna da Jos da nan garin, shi ke kwashe yawancin abin da nake fitarwa, faifai da memori na direbobi. Ba ni da injin buga faifai da yawa, shi yana da shi, sai na ba shi uwar faifan ya buga mini. Ko takarda ba mu yi ba, tare muka yi waƙa a kwayar coci muna samari, kunya ta hana ni in ce ya sa hannu. Wautata ke nan, ba sai kun faɗa mini ba.

Makon jiya ya kira ni, wai kasuwa ta mutu, kowa ya koma waya, sai in zabge farashin sari kusan rabi, in ba haka ba ya sauke duk kayana daga kanta. Na ce in ka saya haka za ka sayar ƙasa da na matan nan, ya ce shi ba coci ya buɗe ba. Har ya tuna mini, yana dariya, cewa uwar faifan tana wurinsa. Na gane karatun, ko na ƙi zai iya buga abinsa.

In na yarda, mutum zai saya a hannun Mama shugabar zumunta, gobe ya gani a shago da araha, ya ce iyayenmu sun cuci 'yan'uwa da sunan Allah. In na ƙi, situdiyo ya rufu, ga yara uku a makaranta. Gaskiya tsoro nake ji, kuma haushin kaina ya fi na dilan.

Mama ba ta san komai ba. Ran Lahadi ta riƙe hannuna a bakin coci ta ce, "Yarona, ka kawo mana wani katon na faifan, mutane yana so sosai." Na ce to Mama.

Dila ya ba ni zuwa Asabar. In yarda da farashinsa in yi shiru, ko in je in durƙusa gaban matan nan in ce muryoyinsu na ba wani ba tare da na tambaye su ba? Ku da kuke waje, me zan yi?