Muryar Mama a Bakin Noora

Zuwa ga Mummo,

Gaisuwa mai yawa kakata, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ki gaishe mini da ƙawarki Terttu, ki yi mata godiya da take nuna miki hoton wasiƙuna a wayarta.

Mun iso Sifen lafiya don bikin fina-finan. Garin a bakin teku yake, zafi ake yi kamar ba Satumba ba. Mutanen nan suna sumbatar kumatun mutum ko ba su san shi ba. Wata mata ta yi mini, na sandare kamar icce. Tuukka, daraktanmu, ya ce mata kada ta damu, haka mu 'yan yankin Kainuu na Finland muke murna.

Jiya aka nuna wa 'yan jarida fim ɗinmu. Na zauna can baya. Da aka zo wurin da nake tsaye jikin shinge, Noora da ta fito a matsayin uwata tana kiran shanu daga ƙetaren tafki, sai muryar Mama ta cika ɗakin. Mummo, rabona da jin ta tun kafin mu binne ta. Bakin Noora ne ke motsi, amma Mama ce. Na riƙe hannun kujera har aka gama.

Bayan an tashi suka rufe Noora da tambaya, wai a ina ta koyi wannan kira. Ba ta yi ƙarya ba, ta ce wata mata ce a ƙauyen ta rera. Ba su tambayi sunan matar ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ina jin ta manta ne. Sunan yana cikin rubutun ƙarshen fim, ƙanana-ƙanana, amma lokacin an kunna fitilu kowa yana neman jakarsa.

Ranar Asabar ne babban nuni, kuma za a kira mu dandamali. Daga nan zan dawo makaranta, fim ɗin zai wuce Poland da Koriya ban da ni.

Ki huta lafiya.
Jikarki, Hilla

*

Hilla, 'yar lelena,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. An yi sanyin farko, dankalin bayan sauna, ɗakin wankan tururinmu, ya kwanta. Terttu ta ce in tambaye ki ko kin yi saurayi ɗan Sifen. Na ce mata yarinyar da ke ɓuya a bayan tanda in mai kawo wasiƙa ya zo?

Yanzu saurara. Uwarki ta rera wannan kira tana ciwo, ta tsaya a bakin tafki cikin iska ana ta sa ta maimaitawa, ta dawo gida ba murya. Ni na koya mata, ni kuma uwata ta koya mini, kuma yanzu ko saniya ɗaya babu a ƙauyen nan. Idan aka ba ki abin magana ranar Asabar, ki ce musu muryar Outi Kyllönen ce. Ba dogon jawabi nake so ba. Sunan kawai, a ji shi a bakin 'yarta.

Amma ki yi da natsuwa. Kada ki zabura kamar 'yan birnin Helsinki da ke kai wa kek hannu kafin a zuba kofi. Ba mu haifi mai rawar kai ba. Ki sa rigar nan mai ruwan toka, ki miƙe bayanki.

Allah ya tsare ki.
Mummo

*

Zuwa ga Mummo,

Gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Wannan ki karanta ke kaɗai, ki ce wa Terttu ta ba ki wayar ta fita.

Na sa rigar. Tun safe nake maimaita sunan da Turanci a banɗakin otal, har bakina ya saba. Ɗakin nunin ya fi cocinmu girma nesa ba kusa ba, kuma cike yake. Da fim ya ƙare jama'a suka miƙe suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Wata mata kusa da ni tana kuka.

Mai gabatarwa ya kira Tuukka, ya kira Noora. Sannan ya nuno ni, fitila ta sauko kaina, ya ce ko ƙaramar tauraruwarmu za ta zo ta ce wani abu.

Mummo, na ce, "A'a, na gode, ba sai na zo ba."

Ba tsoro ba ne, ko kuma ba tsoro kaɗai ba. Haka muke yi a gidan Terttu in ta ce a zo tebur. Kowa ya ce wane shi, a fara ba manya, ita kuma ta sake kira, ta kuma sakewa, sannan a tashi. Har na ɗora hannu a kan kujera ina jiran ya sake cewa in zo. Sai ya yi dariya, ya ce wa jama'a kun ga mutanen Finland ko, suka yi dariya su ma, fitilar ta bar ni. Bai sake waiwayo ni ba.

Na zauna ina ji ana tambayar Noora game da rigarta. Na yi tunanin in miƙe in hau dandamalin da kaina, amma ina nan zaune har aka tashi.

A mota Tuukka ya dafa kaina ya ce na yi daidai da fim ɗin, wai 'yan jarida sun so abin sosai. Na gaya masa dalili, da cewa sunan Mama na so in faɗa. Sai ya ce zai faɗi sunan a Poland. Wataƙila ya faɗa. Mutumin kirki ne, amma abubuwa sun yi masa yawa.

Ki yafe mini. Don Allah kada ki gaya wa kowa a ƙauye.

Hilla

*

Hilla,

Na gaishe ki. Babu abin da zan ɓoye wa kowa, mun gani. Yarinyar laburare ta haɗa mana taron kai tsaye a babban allo, duk matan ƙungiyar saƙa suna nan, don na gaya musu abin da za ki yi.

Da fitila ta bar ki, sai Terttu ta ce, "To, yarinya dai tana da tarbiyya."

Sai na dogara sanda na miƙe, na ce muryar Outi Kyllönen ce. Suka gyaɗa kai. Duk sun sani, su ne suka yi hidimar kofi ranar jana'izarta.

Bas ɗin da ke tasowa daga garin Kajaani yana isowa da rana. Zan tsaya a bakin hanya in jira ki. Ki sa rigar sanyi tun daga jirgi.

Mummo